Daga Murhun Bakin Tasha Zuwa Gidan Abinci

Sana'ar tuwo-tuwo a Kano galibi da ɗan ƙaramin jari take farawa. Mace, sau da yawa wadda miji ya rasu ya bar wa marayu, takan karɓi shinkafa tiya biyu bashi wurin mai awo, ta ari tukunya, ta kafa duwatsu uku a gefen tashar Unguwa Uku ko bakin kasuwar Kantin Kwari. Tun kafin assalatu ta hura wuta. Da hantsi shinkafa da wake ta nuna, mai da yaji na gefe, 'yan dako da direbobi sun jeru kan benci.

Hannu da amana ne ke ɗaga ta. Miyar kukar da ta ji daddawa da man shanu, aka kaɗa ta ba gudaji, ita ke dawo da mai saye gobe. Ɗan dakon da aka zuba wa bashi ranar da bai samu ba kuwa, ba ya mance rumfar. Ribar yini takan shiga adashi. In ɗauka ta zo kanta, sai ta ƙara tukunya, ta buga rumfar kwano, ta ɗauki mai wanke-wanke. Wannan juriya, cikin hayaƙi da zafin bazara, ta cancanci jinjina.

Daga nan wasu kan kama shago, su sa tebura da fanka, su ƙara tuwon shinkafa da miyar taushe da farfesun kayan ciki, har gidan ya riƙa ɗaukar ma'aikata yana biyan su albashi.