Hannun furodusa: Dan Auerbach da jitar Agadas

Duk wanda ya saurari faifan Bombino na 2011 mai suna Agadez, sannan ya bi shi da Nomad na 2013, zai gane wani ya sa hannu a tsakani. Makaɗin dai shi ne, Omara Moctar, ɗan ƙasar Abzin, kuma da Tamashek yake waƙa kamar kullum. Amma jitar da take fita siririya tas a faifan farko, a na biyu ta yi kauri har tana gurnani, gangunan sun ƙara nauyi, ga ogan yana biye da su. Wannan aikin Dan Auerbach ne, mawaƙi kuma mai jitar ƙungiyar The Black Keys, wanda ya ɗauki faifan a situdiyonsa da ke Nashville.

A kiɗan rok, furodusa ya wuce mai danna maɓalli. Shi ke tace waƙoƙin da za su shiga faifai, ya gayyato makaɗa, ya faɗi inda za a kafa makirufo, ya yanke hukunci a kan ɗaukar da za a bari da wadda za a goge. Idan kuma shi kansa makaɗi ne mai suna, to da kunnensa yake zuwa, kunnen da ya riga ya saba da wani sauti. Nan ribar take, nan kuma ƙurar take tashi.

An haifi Auerbach a 1979 a Akron ta jihar Ohio, garin da ya yi suna da masana'antun taya kafin su durƙushe. Abin da ya ɗauke masa hankali tun yana saurayi shi ne blues na tuddan arewacin Mississippi, musamman kiɗan Junior Kimbrough, wanda kan kama zubi ɗaya ya yi ta jujjuya shi ba gaggawa har mai sauraro ya shagala. Ya bar jami'a, ya haɗu da Patrick Carney mai ganga, suka kafa ƙungiya ta mutum biyu a 2001. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Carney suka ɗauki faifansu na farko, The Big Come Up, a 2002. Thickfreakness na 2003 cikin awa 14 aka gama shi, Rubber Factory na 2004 kuwa a wata tsohuwar masana'antar taya da aka yi watsi da ita. Rashin kuɗi ne ya haifi wannan sauti mai kaushi, mai ƙura. Daga baya kuɗi ya zo, musamman bayan Brothers na 2010 da El Camino na 2011, amma Auerbach bai saki kaushin ba. Ya koma Nashville ya buɗe Easy Eye Sound, ya cika shi da tsofaffin na'urori, abin da larura ta tilasta masa a da ya zama tambarinsa.

Da wannan tambari ya shiga aikin wasu. Ya ɗauko Dr. John, dattijon New Orleans, suka yi Locked Down a 2012, faifan ya ci Grammy, shi ma a 2013 aka ba shi kambun furodusan shekara. Ko Lana Del Rey, wadda ba ruwanta da blues, da ta biyo ta hannunsa a Ultraviolence na 2014 sai da jita mai amsa-kuwwa ta lulluɓe muryarta.

Dacewarsa da Bombino ba sa'a ba ce kawai. Jitar Abzinawa, wadda 'yan ƙungiyar Tinariwen suka fitar wa duniya, ita ma a kan maimaici take tafiya: zubi ɗaya, tafi, amshi, sai yatsun hagu suna ta ƙananan ado a kan tsirkiya. Wanda ya tashi da kiɗan Kimbrough ba sai an yi masa tafinta ba. Shi ya sa Auerbach bai taɓa ƙashin bayan kiɗan ba. Bai cusa masa baiti da amshi irin na rediyon Amurka ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙara wuta a lasifika, ya cike gurabe. A waƙar farko, Amidinine, jitar na buɗewa ne da datti da ƙarfi irin na faifan Black Keys, kafin murya ta shigo ta tuna maka daga ina aka fito. Nomad ya hau saman jerin Billboard na kiɗan duniya, ya kuma buɗe wa Bombino manyan dandamali a Amurka da Turai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya yi zaman gudun hijira a Burkina Faso shekaru kaɗan kafin nan.

To amma guraben da aka cike, su ne rabin daɗin kiɗan. A bikin aure a Agadas, jita da tafi da guɗar mata suna barin sarari a tsakaninsu, kunne ya samu wurin numfashi. A wasu waƙoƙin Nomad an zuba ogan da jitar kwance irin ta makaɗan Nashville har sararin ya toshe. Ba su ɓata waƙar ba, gaskiya, sai dai sun karkatar da ita ga kunnen da ya saba da rok, kuma don wannan kunnen aka yi.

Haka lamarin ya kasance da Robert Finley, kafinta daga Louisiana wanda ya koma waƙa gadan-gadan bayan idonsa ya mutu. Auerbach ya fito da shi a Goin' Platinum! na 2017, amma akasarin waƙoƙin shi da abokan rubutunsa suka tsara, Finley ya ba da murya. Sai a Sharecropper's Son na 2021 aka bar dattijon ya ba da labarin kansa, na tashi a gonar auduga, kuma a ganina ya fi na farkon nesa ba kusa ba. Auerbach ya fi kyau idan ya ja da baya kaɗan. Matsalar ita ce mutane da yawa don tambarin nasa suke zuwa.

Bombino bai sake komawa Easy Eye ba a faifansa na gaba. Ya yi Azel a 2016 da furodusa David Longstreth, sannan ya ɗauki Deran na 2018 a Kasabalanka ta Maroko, da ƙarancin ado. Deran ɗin ne ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar Grammy, ko da yake da wuya masu zaɓen su san da shi in ba don ƙofar da Nomad ya buɗe ba.