Kashi 65 cikin 100: binciken St. Jude kan huhun waɗanda suka warke daga kansa, da inda ya tsaya kafin ya iso Goronyo

A shekarar 2013 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani bincike da Dakta Melissa Hudson ta jagoranta a asibitin yara na St. Jude da ke Memphis a Amurka. Sun kirawo mutum 1,713 da suka yi ciwon daji suna yara, suka warke, suka girma, aka duba su daga kai har ƙafa. A cikin waɗanda aka yi wa maganin da ke iya taɓa huhu, kashi 65 cikin 100 an tarar huhunsu ba ya aiki yadda ya kamata. Wannan lambar ta yi yawo sosai, ita nake so mu zauna a kanta.

Mu fara ba binciken haƙƙinsa. Kafin shi, yawancin abin da aka sani ya fito ne daga takardar tambayoyi: kana tari? kana haki? Matsalar ita ce huhu yana da rara mai yawa, mutum zai iya rasa wani kaso na ƙarfinsa bai ji komai ba, sai dai ya lura ya daina bin ƙwallo kamar da. Su Hudson ba su tsaya ga tambaya ba. Sun sa mutane sun busa cikin na'ura, sun auna yawan iskar da huhu ke ɗauka da yadda take ratsawa cikin jini. A nan binciken ya yi zarra.

Me ke lalata huhun? Maganin ne da kansa. Akwai allurar biliyomaisin da ake ba masu sankarar Hodgkin. Huhu ba shi da isasshen sinadarin da ke narkar da ita, sai ta bar tabo, naman ya yi tauri kamar fatar da ba a jeme ba. Akwai gashin ƙirji, wanda ake yi idan sankarar ƙoda ta yara ta bazu zuwa huhu. Shi kuwa yaro huhunsa bai gama ginuwa ba, 'yan jakunkunan iskar suna ƙaruwa a shekarun farko, ƙarfin huhu kuma ba ya kai maƙura sai bayan shekara 20. In aka gasa ƙirjin ɗan shekara 4, haƙarƙarinsa ma ba zai yi girman da ya kamata ba. Zai shiga girma da ƙaramin jari, shekaru kuma su yi ta ci.

To, ina gizo ke saƙar? Na farko, mutane na yawan ɗauko lambar su ce kashi 65 na duk waɗanda suka warke. Ba haka ba ne, na waɗanda aka ba irin waɗancan magunguna ne kawai. Kuma “ba daidai ba” a na'ura ba ya nufin mutum yana kwance. Da yawa cikinsu an yi musu magani a shekarun da ake gashi da yawa fiye da yanzu.

Na biyu shi ya fi damuna. Ka ɗauki yaron da aka kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato daga Wurno ko Rabah, Allah ya yi masa gyaɗar dogo ya warke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 na irin waɗannan yara suna warkewa, a da yawa daga ƙasashe irin namu ba su kai kashi 30 ba, shi ya sa a 2018 ta sa burin kai wa kashi 60 nan da 2030. Wannan yaron gida zai koma. Gida kuwa murhun itace ne da kara safe da yamma, hazon hunturu wata da watanni, ga ƙura da ƙaiƙayin bugun shinkafa a fadamar Rima, daga madatsar ruwan Goronyo har gonakin Wurno. Huhun da ke da tabo a Memphis iskar ɗaki mai tsabta yake shaƙa. Ba wanda ya sa hayaƙin girki a lissafin. Zatona, lambar can ba ta faɗa mana komai tabbatacce a nan, za ta iya yin sama. Za ta iya yin ƙasa ma, domin sankarar Burkitt mai kumbura muƙamuƙi, wadda ke bin yankunan zazzaɓin cizon sauro, ba biliyomaisin ko gashi ake ba ta ba.

Sai maganar tibi. Saurayi ɗan shekara 25 ya zo yana tari yana haki, hoton ƙirji ya nuna gizo-gizo. A ƙasar da tarin fuka ya yi katutu, duk ma'aikacin lafiya mai hankali tibi zai fara tunani, kuma daidai ya yi. Amma in gwajin majina bai nuna komai ba, kuma ba wanda ya tambayi abin da ya faru yana ɗan shekara 7, zai iya shan magani wata 6 a kan tabon da ba ƙwayar cuta a cikinsa. Bincike daga Memphis bai da dalilin yin wannan tambayar.

Hatta kalmar “daidai” akwai magana. Na'urar busa tana kwatanta ka ne da ma'aunin masu shekarunka da tsawonka. Ma'aunin duniya na 2012 da aka fi amfani da shi, ɓangarensa na baƙar fata an gina shi ne da baƙaƙen Amurka. Da wa za a gwada ɗan Rabah?

Abin da binciken ya nuna wanda zai yi mana aiki a yau ba ya buƙatar na'ura. Haɗarin yana bin maganin da aka sha ne, don haka sai an san maganin. Iyaye su roƙi likita, ranar sallama, ya rubuta musu sunan ciwon, sunan kowace allura da adadinta, da inda aka gasa in an yi gashi. A yankin da 'yan bindiga ke tayar da ƙauye cikin dare, takarda ɗaya ba ta isa ba, a ɗauki hotonta a waya a tura wa 'yan'uwa. Wanda aka taɓa ba biliyomaisin kuma, ko bayan shekara 20 ne za a yi masa tiyata, ya faɗa wa mai ba da allurar barci tun kafin a shiga, saboda iskar oksijin mai yawa na iya tayar da tsohon raunin.