Sharhi: Lahirar Dante, Labarin Masu Rai

Yau za mu leƙa Italiya, mu koma baya shekara ɗari bakwai, wajen Dante Alighieri, mutumin birnin Fulorens da aka haifa a 1265, da doguwar waƙarsa Commedia, wadda daga baya aka ƙara mata Divina a gaba. Babi 100 ce, layi 14,233, kuma da harshen mutanen Tuskani ya rubuta ta, ya bar Latin na malamai. A zahiri labarin tafiya ce: mutum ya ratsa Wuta, ya hau Dutsen Tsarkakewa na aƙidar Katolika, ya kai Aljanna. Ni dai a karatuna, da masu rai yake magana, matattun aro ya yi.

Ku duba farkonta. Shekarar 1300, Dante yana da shekara 35, ya ɓace a wani daji mai duhu. Dabbobi uku suka tare masa hanya: wata mai roɗi-roɗi kamar damisa, da zaki, da macen kyarkeci ramammiya. Tsofaffin masu sharhi suka ce sha'awa ce da girman kai da kwaɗayi. Wasu kuma suka ce siyasa ce, wato Fulorens da Faransa da fadar Fafaroma. Ba abin mamaki ba ne a ce duka biyun yake nufi, domin a 1302 aka kore shi daga garinsu, bai sake taka shi ba har ya rasu a Rabenna a 1321. Mai irin wannan miki ba ya raba zunubi da siyasa. Fafaroma Bonifas na Takwas ma yana raye a shekarar da labarin ya faru, amma Dante ya riga ya tanadar masa rami a Wuta.

Inda gwanintar take shi ne yadda azabar kowa ta zama hoton laifinsa. Waɗanda sha'awa ta ja su a duniya, guguwa ce ke jujjuya su ba hutu. Masu duba, da suka ce suna hango gobe, an murɗe musu wuya, fuska ta koma baya, suna tafiya hawaye na bin gadon bayansu. Sai can ƙasan Wuta, inda kowa zai zaci garwashi ne, mu tarar da ƙanƙara. Nan maciya amana suke a daskare, Shaiɗan na tsakiya yana kaɗa fukafukai, iskar da yake tayarwa kuwa ita ke ƙara daskarar da tafkin da ya riƙe shi. Wanda ya ci amanar ɗan'uwa ai zuciyarsa ta daɗe da yin sanyi tun yana duniya.

Mai karatu Musulmi zai ci karo da wuraren da Dante ya yi wa Musulunci rashin adalci, wannan ba ɓoyayye ba ne. Duk da haka ya ajiye Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin a wurin da babu azabar jiki, kuma a 1919 malamin nan na Sifaniya, Miguel Asín Palacios, ya tayar da muhawara da ya ce tsarin tafiyar yana da alaƙa da ruwayoyin Isra'i da Mi'iraji.

Ja-goran Dante shi ne Birjil, mawaƙin tsohuwar Rum, wanda ake ɗauka a matsayin hankalin ɗan Adam. Shi ya ratsa da shi Wuta, ya hau da shi dutsen har ƙoli. A nan Biyatiris ta bayyana, matar da Dante ya so, wadda ta rasu a 1290, tana wakiltar wahayi da rahama. Hankali ya kai iyakarsa ke nan. Amma Dante bai sallami Birjil kamar ɗan aike ba. Ya waiwaya zai gaya masa yadda jikinsa ke rawa, sai ya ga babu kowa, ya fashe da kuka, har Biyatiris ta kira sunansa ta tsawata masa.