Gayauna da Ruwan Bagaja: Tarbiyyar Kuɗi Tsakanin Gida da Aji

1.0 Gabatarwa

Tun da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, littafin bai bar hannun 'yan makaranta ba. Manazarta sun yi ta yaba salonsa da ban dariyarsa, amma ba a cika tsayawa a kan abin da yake koya wa yaro game da dukiya ba. Manufar wannan maƙala ita ce a gwada darasin littafin da wanda yaro ke samu a gida, a gari irin Yankara ta ƙasar Faskari, inda noma da cin kasuwa su ne abin dogaro.

2.0 Darasin Gida

A tsarin gandu, saurayi yakan yi aiki a gonar gida da safe, sa'an nan a yanka masa gayauna, wato 'yar gonar da zai noma da yamma, amfaninta kuwa nasa ne. A nan yake sanin tsadar iri da taki, da kuma bambancin mai sayar da masara da kaka da wanda ya haƙura har bazara. Yarinya kuwa, in ta dawo daga talla, sai ta zauna gaban uwa a yi lissafi, a fitar da uwar kuɗi, a ware riba, a jefa nata rabon cikin asusu ko a zuba adashi. Kuɗin nan su ke zama kaza, kaza ta zama akuya, akuya ta shiga kayan ɗaki. Babu shakka talla tana da illa, musamman wajen raba 'ya'ya mata da karatu. Duk da haka darasin a fili yake: dukiya da gumi da jinkiri ake tara ta, kuma ba a cin jari.

3.0 Darasin Littafi

A Ruwan Bagaja kuwa, dabara ce ke kawo abin duniya. Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna yawo gari gari, kowa na haƙon ɗan'uwansa, suna kuma yi wa mutanen gari wayo. Wanda aka cuta shi ake yi wa dariya, labari kuma ya wuce, ba a waiwayi asararsa ba. Daga ƙarshe tauraro ya komo gida da ɗaukaka.

Amma kada a yi wa marubucin rashin adalci. Imam ba littafin tarbiyya ya zauna rubutawa ba. Ya gaji wannan tauraro mai wayo daga Gizo na tatsuniya da kuma Muƙamar Hariri, ya kuwa sarrafa shi da gwaninta. Bugu da ƙari, a Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, labarin Sahoro da Sahorama ya nuna yadda lalaci da dogon buri ke cinye ɗan abin da ke hannu.

4.0 Kammalawa

Ke nan, gyaran yana wajen koyarwa. Akasari akan tambayi ɗalibi jigo da salo da zubi, a tsaya nan. Alhali kuwa saurayin da ke karanta littafin yanzu yana riƙe da wayar da ake tallata masa caca da ribar dare ɗaya. Ya kamata malami ya ƙara tambayoyi biyu a bayan kowane babi: wa ya yi asara a nan, kuma kaka nawa zai noma kafin ya mayar da ita? Ɗan Yankara da ya taɓa ɗaukar buhun gayaunarsa zuwa kasuwa ba zai rasa amsa ba.