Hular Kwanon Soja Ba Kayan Sikeli Ba Ce

A wajen 'yan gwangwan na Sharada, Challawa da Bompai a Kano, ƙarfe ba shi da suna sai nauyi. Tsohon injin masaƙa, ƙyauren mota, guntun rodi, duk sikeli suke hawa, daga nan sai narkarwa. In tsohuwar hular kwanon soja ta faɗo buhun ɗan bola-jari, ita ma hanyarta ke nan. A Turai da Amurka kuwa, masu tara irinta suna cinikinta a intanet, suna musu kan hatimi da fenti. Ban ga laifin sha'awarsu ba. Abin da ba na so shi ne mu narkar da namu, ko mu zama 'yan tono wa wasu.

Gane ta ba wuya. Ta Ingila, wadda John Brodie ya ƙirƙiro a 1915, ba ta da zurfi, kamar tasa take, da faffaɗan baki. Kifa ta a hannu ka duba ƙarƙashin bakin: galibi za ka ga haruffan kamfani da shekarar ƙira. Ta Faransa, Adrian, tana da zanko a ka da tambari a goshi. M1 ta Amurka, wadda ta fito a 1941, biyu ce a haɗe: kwano a waje, hula mara nauyi a ciki. Wanda ya tsinci ɗaya kada ya kankare ta ko ya sake mata fenti, shaidarta ke nan zai goge.

Tarihin nan namu ne. Kakanninmu sun yi yaƙin Burma a runduna ta 81 da ta 82. Sojojinmu sun je Kwango daga 1960 zuwa 1964, can barikin Bukavu ya samo sunansa. Ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Muna alfahari da kwalkwalin 'yan lifidi ranar hawan Sallah, to me ya sa hular da ta kare kan kakan wani za ta ƙare a kilo?

Ɗan gwangwan abinci yake nema, wa'azi kaɗai ba zai sa ya ware ta ba. Sai an biya shi sama da kuɗin sikeli. Masu kula da gidan tarihi na Gidan Makama da masu hannu da shuni su zauna da shugabannin 'yan gwangwan, a sa farashi, a riƙa saye ana adanawa a Kano.