Jinjina ga Masu Dafa Sabulun Salo

Abin da wasu ke sharewa su zubar, shi ne jarin waɗannan mata. Karan dawa da na gero da aka bari bayan girbi, su suke ƙonawa su tara tokar, su zuba ta a tukunya mai huji a gindi, su kwarara ruwa. Haka zai yi ta ɗiga, ɗis-ɗis, wani lokaci har a kwana. Wannan ruwan toka, mai kaifi kamar kanwa, shi ke mayar da mai ya zama sabulu.

Sai a ɗora ruwan tokar a wuta, a kawo man kaɗe, ko ragowar kitsen da mahauta suka rage. Daga nan fa aiki ya tashi. Mace za ta wuni tana juyawa da muciya, hayaƙi na cin idonta, ba ma'auni sai ido da hanci. In toka ta yi yawa, sabulun zai ci fata. In mai ya rinjaya, ba zai yi kumfa ba. Ita kaɗai ta san inda za ta tsaya, kuma a gindin murhun uwarta ta koya.

Sabulun ba shi da kyan gani, gaskiya, baƙi ne, curi-curi. Amma tambayi mai jego, ko uwar da ɗanta ke fama da ƙuraje.

Tokar da aka tace ma ba ta tafiya a banza. Bayan ɗaki ake kai ta, gindin kuɓewa da yakuwa.

Sannunku da aiki, iyayenmu.