Na Benci Ba Ya Laifi

A gidan kallon da nake zuwa a nan Kwaciri akwai wani tela da ya mallake kujerar gaba, ta kusa da fanka. Da wuya a yi minti ashirin da take wasa bai miƙe ya nuna talabijin da yatsa ba: "Koci, cire shi!" Wanda za a cire ɗin yana canjawa daga mako zuwa mako. Wanda za a sa kuwa kullum shi ne wanda kyamara ta hasko a benci ya dunƙule cikin rigar sanyi. Ran nan wani dattijo da ke rako jikansa ya ce masa, "Kai ɗan nan, in an cire maka kowa, da wa za a ƙarasa wasan?" Aka kwashe da dariya. Tela ya zauna, ba a yi minti biyar ba ya sake miƙewa.

Da muna yara ba irin wannan musun ake yi ba. Musun gwani ake yi, Okocha ko Kanu, Zidane ko Ronaldinho, kafin Messi da Ronaldo su zo su raba kowace majalisa gida biyu. Yanzu zauna teburin mai shayi bayan isha'i ka kasa kunne. Za ka ji yaron da bai gama sakandare ba yana cewa ƙungiya kaza ba za ta ɗauki kofi ba domin "ba ta da benci", ya lissafa maka ɗan baya na uku da gola na biyu kamar 'yan ɗakinsu.

Abin ba daga sama ya faɗo ba. A shekarar 2020, lokacin korona, aka ba ƙungiyoyi damar canja mutum biyar maimakon uku, a 2022 kuma aka mayar da hakan doka ta dindindin. Mutum biyar cikin goma da ke gudu a fili rabin ƙungiya ke nan, don haka benci ya tashi daga wurin ajiyar wanda za a nema in an ji ciwo ya koma makamin cin wasa. Ga waya a hannun kowa, jerin sha ɗayan farko na fitowa tun ba a tashi janareta ba. Ga kuma gidan gem, inda yaro ke sayen 'yan wasa ya jera, ya cire wannan ya sa wancan da ɗan yatsa, babu mai yi masa fushi, babu mai bin sa bashin albashi.

Ni ban ƙi musun ba. Rabin daɗin kallo ke nan, kuma kuɗinmu muka biya a ƙofa. Inda nake da ja shi ne muna son benci amma ba mu yarda da kuɗinsa ba. Kuɗin benci kuwa mintoci ne. Ɗan canji ba ya zama abin dogaro sai an ba shi wasa, ya yi kuskure, an sake ba shi. Mu kuma a wajenmu yana da daraja ne muddin yana zaune. Yana shiga ya zubar da ƙwallo ɗaya, shi ke nan ya koma layin waɗanda za a cire.

Babu inda wannan hali ya fito fili kamar maganar golan Super Eagles. A Janairun 2022, a Garwa ta Kamaru, Tunisiya ta fitar da mu daga kofin Afirka da ci ɗaya mai ban haushi. Youssef Msakni ya buga daga nesa, Maduka Okoye ya taɓa ta ta wuce. A daren nan babu zagin da yaron bai sha ba, a gidajen kallo da a Facebook, kuma bakin kowa ɗaya ne: ga Francis Uzoho nan zaune, wanda ya kama mana a kofin duniya na 2018, a dawo da shi. Wata biyu tsakani, ranar 29 ga Maris, Uzoho ne a raga a Abuja. Thomas Partey ya buga wata ƙwallo da ba ta kai ta kawo ba, ta sulale ta ƙarƙashinsa. Aka tashi kunnen doki, Gana ta tafi Katar, muka zauna a gida. Bakunan da suka kira sunansa a Janairu su ne suka tsine masa a Maris. Ina wurin, kuma ba zan yi ƙarya ba, har da nawa bakin.

Na san amsar da za a ba ni: to Nwabali fa? Gaskiya ne, José Peseiro ya ajiye Uzoho ya ɗauko Stanley Nwabali a gasar da aka yi a Kwaddibuwa farkon 2024, kuma abin ya yi kyau. Wasa huɗu a jere ba a zura masa ƙwallo ba, sannan a wasan kusa da na ƙarshe ya kaɗe fenareti biyu na Afirka ta Kudu. Tela har yau yana cewa shi ya fara kiran a canja gola. Amma a duba daga inda Nwabali ya fito. Ba daga benci ya fito ba. Kowane mako yana cikin raga a Chippa United, kafin nan kuma ya sha ƙurar gasarmu ta gida, har da Wikki Tourists ta Bauchi da Katsina United da ke nan maƙwabta. Shekarun da yake kamawa a gefen hancinmu ba mu san sunansa ba, muna can muna musun wa ya kamata Arteta ya sa a ragar Arsenal. Wasan da aka yi ta ba shi a inda ba ma kallo, shi muka ci moriyarsa a wancan dare.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu ana jifa, akwai mutum ɗaya da duk wasan ke rataye a wuyansa, shi ne mai jefawar, kuma 'yan kallonsu ba su da gwani kamar mataimakinsa da ke gefe. Hujjarsu kullum Tom Brady ce: mutum 198 aka ɗauka kafin shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2000, ya samu shiga a 2001 da na gabansa ya ji ciwo, ya ƙare da kofi bakwai. Labari mai daɗi. Sai dai daɗinsa ya zo ne daga ƙarancin irinsa, ɗaruruwan mataimakan da aka sa suka kasa ba mai tuna su.

Akwai ranar da 'yan kallo suka yi daidai, kuma adalci ne a faɗa. A Rasha a 2018, Gernot Rohr ya fara wasan Kuroshiya da Ahmed Musa a benci, aka ci mu biyu da nema. Kano ta ɗauki zafi, kowa na cewa a sa ɗanmu. Aka sa shi a wasan Aisilan, ya zura biyu. Amma ko a nan sai a waiwaya baya kaɗan. Musa ya koma Leicester a 2016, zaman benci ya yi masa yawa, sai a Janairun 2018 ya karɓi aro ya koma CSKA Mosko inda zai riƙa buga wasa. Ƙafar da ta ci Aisilan ƙafa ce da ta yi watanni tana aiki. Da ya ci gaba da zama a Ingila yana cin albashi mai tsoka, da ihunmu bai haifar da komai ba.

In ana neman ainihin abin da ake kira benci, a kalli waɗanda suka doke mu a wasan ƙarshe na 11 ga Fabrairun 2024. Kwaddibuwa ta sha huɗu a hannun Ikwatoriyal Gini, ta kori kocinta gasa na tsaka, ta miƙa wa Emerse Faé. Da Senegal, Franck Kessié daga benci ya taso ya farke. Da Mali, suna mutum goma, Simon Adingra ya shigo ya farke a minti na 90, Oumar Diakité da shi ma canji ne ya ci ta biyu a ƙarshen ƙarin lokaci. Kafin a zo wasan ƙarshe kusan kowa a tawagarsu ya ji ɗumin fili. Mu kuwa kusan fuskoki ɗaya Peseiro ya riƙa maimaitawa, kuma mun yaba masa, domin ana ci. Muka yi minti 120 da Afirka ta Kudu, bayan kwana huɗu Troost-Ekong ya ci mana ta farko, daga nan ƙafafu suka yi nauyi. Adingra ɗin nan dai shi ya ba da ƙwallayen biyu da aka ci mu. Washegari kowa ya zama malami a kan gajiya da rashin canji. Da Peseiro ya hutar da Osimhen ko Lookman a wasan Angola, wa ya isa ya kare shi a Kwaciri?

Yanzu mu dawo gida, don a nan abin ya fi ci mini rai. Kano Pillars, da aka kafa a 1990, ta ɗauki lig a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga kofin zakarun Afirka. Buƙatar ƙungiya irin wannan ga benci ta fi ta Chelsea, wadda ta tara 'yan wasa sama da talatin har ɗakin canja kaya ya yi musu kaɗan. Gasarmu ƙungiya 20 ce, wasa 38, kuma mafi yawan tafiyar a mota ake yin ta. Wanda ya wuni a hanyar Aba ko Fatakwal ko Uyo, ya buga, ya sake wuni a hanyar dawowa, ba jikin ƙarfe gare shi ba. Hanyar ma ba gajiya kaɗai take kawowa ba. A Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta tsakanin Abuja da Lokoja suna kan hanyar Owerri, 'yan wasa biyar suka samu raunin harsashi, cikinsu har da Gambo Muhammad. A kakar ta 2015 kofi ya koma Enyimba, kuma a watan Agusta Nasarawa United ta zo har Kano ta karya tarihin shekara 12 da aka yi ba a ci Masu Gida a gida ba. Ban ce harin ne kaɗai sanadi ba. Amma duk wanda ya ga wannan shekarar ya san ba a fafe gora ranar tafiya.

To amma je ka filin Sani Abacha a Ƙofar Mata ka ga yadda muke yi. Telan nan da ke ihun "cire shi" in Arsenal na wasa, shi ne zai ɗora hannu a ka in aka ɗaga allo da lambar Rabi'u Ali. "Da tsohuwar zuma ake magani!" Ni ma ina cikin masu faɗa, domin Pele, kamar yadda muke kiransa, ya haura arba'in yana cin ƙwallayen da yara ba sa iyawa, kuma bugun tazararsa kaɗai ya isa kuɗin tikiti. Sai dai tsohuwar zuma ba a ƙara ta a tulu, raguwa take yi. Yaron da za a sa a madadinsa minti goma ya rage, ƙwallon farko da ta kuɓuce masa za ka ji daga bayanka: "Daga ina aka samo wannan? Ɗan wane ne? Alfarma ce!" Koci na ji, kuma ya san kujerarsa ba ta da ƙafa huɗu. Mako mai zuwa ba zai sake gwadawa ba. Haka za a ƙare kaka da mutum goma sha uku, sauran su tsufa a benci ko su tattara su koma wata jiha, inda bayan shekara biyu za su zo su ci mu, mu ce ai ɗan Fagge ne, yaya aka yi aka sake shi?

Mun faɗa ajin 'yan dagaji a 2022, mun dawo a 2023. Ahmed Musa ya sake dawowa gida a 2024, a 2025 kuma aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Abin da ya sa nake sa rai da shi ba ƙwallayensa 18 na kakar 2010 ba ne. Shi ne mutumin da ya tafi Kwaddibuwa a matsayin kyaftin, aka yi wasa bakwai bai taka fili ko na minti ɗaya ba. Ya san abin da ke cikin ran wanda ke ɗaura takalmi kowane mako ya kwance shi babu ƙura.

Ranar Asabar da ta wuce na hau adaidaita da sassafe na sauka filin Sabon Gari, inda wasu matasa ke atisaye. A ragar can nesa wani dogon yaro ke faɗuwa yana tashi, mai horar da shi na jefa masa ƙwallo hagu da dama. Mu uku ne 'yan kallo, ɗayanmu ma mai sayar da rake ne. Na ƙirga ya kama goma sha ɗaya a jere, ta goma sha biyu ta zame masa ta shige. Kafin in ankara na ji bakina ya ce, "Kai!" da ƙarfi. Yaron ya waiwayo ya dube ni, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya koma kan layi.